Ƙasimu Mai Famfo

Sunansa Kazimir. Harshenmu ya kasa ɗauka,
sai Tasalla mai ƙosai ta ce Ƙasimu, sunan ya zauna.
Ya zo Maraɗi zamanin da gyaɗa ke sarauta,
buhu kan buhu a bakin sikeli, kamiyo na jira.
Shi ne injiniyan gidan matsar mai,
ni kuwa yaron da ke miƙo masa sufana.

Yatsu uku ne a hannunsa na hagu.
Wata shida ina kallo, kunya ta ɗaure mini baki.
Ran da inji ya tsaya muna zaman jiran kaya,
ya tsinci gwangwanin kifin da na yar,
ya juya shi, ya shinshina, ya ce:
"Nomau, a birninmu Warso, ina ɗan sha tara,
da irin wannan nake haɗa gurnati.
Ɗaki ƙarƙashin ƙasa, kyandir ɗaya, mu huɗu,
takalman sojan Jamus na tafiya a bisa kanmu.
Ɗaya ya tashi kafin lokacinsa.
Ya ɗauki yatsu biyu, ya ɗauki Bolek."
Hausarsa duk a karkace take,
mace ya mai da ita namiji,
amma wannan maganar miƙe ta fito kamar tabarya.

Ba ya leƙa rijiya. Kowa ya sani.
Ya taɓa ratsa magudanar ƙazantar birni cikin duhu,
ruwa har ƙirji, wasiƙa a tsakanin haƙora,
na gaba ya nutse, na baya bai ce uffan ba.

Sai shekarar da Gulbi ya zama rairayi zalla,
shanu na faɗuwa a hanyar Dakoro,
gyaɗa ta ƙi, gidan mai ya yi tsit.
Sauran Turawa suka ɗaure akwati.
Shi ko ya bi kasuwa yana cinikin tarkace:
sarƙar keke, tsohon tayan kamiyo, bututu mai tsatsa.
Aka ce Nasara ya taɓu.
Famfon farko ya yi tari, ya mutu.
Na biyu ya tofo mana laka a fuska.
Na uku ban so in tuna, har zagi ya yi da yarensu.
Na huɗu, a wani lambu can Jiratawa,
ya kawo ruwa kaurin damtsena,
wata tsohuwa ta ajiye guga ta rangaɗa guɗa.

A nan ne rijiya ta rufta da Mijinyawa mai haƙa.
Muna ta salati, muna zagaye baki,
sai na ga Ƙasimu na ɗaura igiya a ƙugu.
Gwiwarsa na rawa, na gani da idona.
Ya ce, "Riƙe, kar ka saki ko na yi ihu."
Ya yi ihun kuwa. Ban saki ba.
Daga azahar har kiran la'asar yana tono da yatsu takwas,
suka fito su biyu, ba ka gane Bature ba ka gane Bahaushe,
ƙasa ta yi musu riga iri ɗaya.

Na ce ya kai zanen famfon Yamai a buga masa hatimi.
Ya yi dariya: "Hatimi na ba albasa ruwa?"
Ya zana shi da alli a bangon gareji,
duk maƙerin da ya so ya zo ya kwafa.

Ya tafi da tari, shekarar da na yi aure.
Wasiƙa ɗaya ta zo, ba ta biyu.

Yau jikana ya tsinci gwangwani a ƙofar shago.
Na karɓa, na huda murfin, na sa lagwani.
Ga shi can yana karatu da haskensa.